Giyar Ƙarshe ta Baba Nakhle

Wadi ɗan Nakhle mutum ne mai girman kai, irin wanda in bai san abu ba sai ya ce babu shi. Gonar inabinsu tana jikin tamu a kwarin Bikaa, don haka abin da zan faɗa a kan idona ya faru. Tun kaka da kakanni jar giya suke yi a gidan, mai duhu sosai, wadda in tana sabuwa take ɗaure wa mutum baki, sai ta kwana biyu a ajiye daɗinta yake fitowa. Wadi a Beirut ya yi karatu, ya dawo da farin takalmi da dogon surutu. Ɗakin ƙasa inda gangunan ajiyar giya suke kuwa bai taɓa yarda ya sauka ba, wai sanyi da warin katako. Yayarsa Afifa ce ke can tare da mahaifinsu shekara ashirin.

Wata shekara inabi ya yi kyan da dattawa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Baba Nakhle ya matse shi da hannunsa, ya cika ganguna goma sha biyu, ya ce sai bayan shekara uku za a buɗe, ranar bikin girbi. Bai yi wata biyu da faɗa ba ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Kullum in an kwantar da shi a baranda, idonsa na kan ƙofar ɗakin ƙasa. Kowa ya san abin da yake jira.

Ita gangar katako shan giya take yi a hankali. In ta sha, wuri ya buɗe a sama, iska ta shiga, giya ta lalace. Saboda haka duk ranar Asabar Afifa take bin gangunan ɗaya bayan ɗaya tana cike su daga wasu manyan kwalabe na giyar shekarar da mahaifinta ya ware.

Ran nan Wadi ya ga ma'aikata sun fito da kwalabe uku babu ko ɗigo. Bai tambayi kowa ba. Ya jira ranar Lahadi, an dawo daga coci, dangi da mu maƙwabta mun zauna cin abinci, sannan ya jera kwalaben a gaban Afifa.

"Yaya, ashe shi ya sa kika ƙi aure? Kin samu miji a ɗakin ƙasa."

Aka yi dariya, har da ni, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Afifa ta ce, "Wadi, ganguna ne suka sha. Je ka tambayi duk wanda ya taɓa wannan aikin."

"Ganguna! To, Allah ya ba su lafiya. Yaushe katako ya yi maƙogwaro? Ba ni makullin ɗakin."

Na ce, "Wadi, gaskiya ta faɗa. Mu ma haka muke yi."

"Kawu, taku giyar ai ko jaki ba ya sha. Ka bari masu ilimi su yi magana."

Ya fizge makullin daga wuyanta a gaban mahaifinsu. Tsohon ya yi ta buga hannunsa mai lafiya a kan kujera, Wadi ya ce, "Kun gani, Baba ma ya gaji da ita." A ranar Afifa ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanwar mahaifiyarsu a garin Zahle. Sau huɗu tana aiko masa da saƙo cewa ko ba ita ba, ya sa wani ya riƙa cike gangunan. Ya sa ƙaton kwaɗo a ƙofar, ya ce giya mai daraja ba ta son a dame ta.

Ranar bikin ta zo. Wadi ya gayyato manyan baƙi daga Beirut, aka yanka raguna, aka turo Baba Nakhle a keken marasa lafiya cikin baƙar rigarsa ta zuwa coci. Afifa ma ta zo, ta tsaya can baya. Wadi ya ɗebo daga ganga ta farko, ko shinshinawa bai yi ba don yana tsakiyar jawabi, ya kai kofin bakin mahaifinsa.

Tsohon ya kurɓa. Ba shi da ikon tofarwa, dole ya haɗiye. Hawaye suka zubo masa.

"Ku duba, kukan murna yake yi!" in ji Wadi. Ya sake ɗura masa.

Sai aka zagaya wa baƙi da kofuna. Wani baƙo ya fesar da tasa a kan farin takalmin Wadi, ya ce, "Malam, wannan ai ruwan tsami ne." Aka buɗe ganga ta biyu, ta uku, har ta goma sha biyu. Duk haka suke, kowacce da farar yana a samanta.

Afifa ta ratso mutane ta goge wa mahaifinta baki da gefen mayafinta. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Shekara biyu da rabi ba na nan, Wadi. Leƙa ka ga ko sun ragu. Wa ya sha?"

Baba Nakhle ya yi kwana goma sha ɗaya bayan nan. In Afifa ta kawo masa ruwa yana sha. In Wadi ne, sai ya datse haƙora ya juya fuska ga bango, kuma haka ya rasu bai sake kallonsa ba. Giyar aka rabar wa matan ƙauye suka jiƙa kayan lambu da ita. Har yau in Wadi ya wuce ta kasuwa sai ka ji wani ya ce, "Mai ruwan tsami, yaya ganguna?"

Darasin shi ne, kada girman kai ya sa ka raina aikin da ba ka taɓa yi ba, balle ka wulaƙanta mai yin sa. Abu mai daraja yakan tsaya ne a kan ƙaramar hidima da wani yake yi shiru kullum. In ba ka gane dalilin abu ba, ka yi tambaya kafin ka yi zargi, domin akwai ɓarnar da neman gafara ba ya gyarawa.