Maharba Uku, Fatar Barewa Ɗaya

Ku gyara zama, masu son gardama, yau na zo muku da abin da za ku yi ta ja har a kira salla. Amma kada wanda ya buɗe baki sai na dire.

A Gangaren Marke, wani ƙauye da ke bakin gandun daji, an yi wani Sarkin Baka, wato shugaban maharba, sunansa Ɓaidu. Ya tsufa, ido ya tafi, ƙafa ma ta fara ƙi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai dai ya reni maharba uku tun suna samari: Jatau da Cindo da Arzika. Tare suka koyi bin sawu, tare suka sha faɗansa, kwano ɗaya suke ci. Wanda ya gan su a zaure sai ya rantse uwa ɗaya ta haife su. Wanda ya san cikinsu kuwa ba zai yi saurin rantsuwa ba.

Al'adar garin ita ce ba a naɗa sabon Sarkin Baka sai a kan ɗanyar fatar namijin barewa da shi ya farauto, kuma tsohon sarki ne zai zaunar da shi da hannunsa. In tsohon ya rasu ba a yi haka ba, sarauta ta ƙetare rafi ke nan, ta koma gidan maharban Hayin Ɗorawa, waɗanda suka daɗe suna lasar baki. A da wannan ba abin damuwa ba ne, barewa har bayan gari take kiwo. Amma zamani ya juya, daji ya koma hannun hukuma, ba a shiga sai da lasisi. Lasisin ma namiji ɗaya tak ya yarda a ɗauka, ban da mace, ban da dafi a kibiya, kuma da an yi ruwan fari ya daina aiki, don lokacin haihuwar namun daji ne.

Jatau shi ne mai ido. In ya dubi ƙasa zai gaya maka abin da ya wuce, da inda ya nufa, da ko a ƙoshe yake. Kuma shi kaɗai ya iya aikin burtu. Ga waɗanda ba su sani ba, burtu baƙin tsuntsu ne babba mai kiwo a ƙasa, namun daji ba sa gudunsa. Maharbi yakan ɗaura busasshen kansa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi rarrafe yana saran ƙasa kamar tsuntsun, har ya shiga tsakiyar garke. To, ban da wannan kan burtu da wani tsohon baka, Jatau bai ajiye komai ba. Kuma abin yana cin sa ƙwarai.

Cindo shi ne mai kaya. Yana da bindigar toka da ya yi shekaru yana tanadi kafin ya mallaka, yana shafa mata mai kamar jaririya, shi yake auna albarushinsa da kansa, bai taɓa yarda wani ya ɗura masa ba. Ga takalman shiga ƙaya, ga gora, ga jakar fata mai tuntaye. In ya rataya bindigar ya ratsa kasuwa har waiwaye ake yi. Jatau kan ce a ransa, "Kaya dai kamar na mayaƙi, amma ko sawun jaki ba zai bi ya kai gidan mai shi ba."

Arzika shi ne mai takarda. Shekara da shekaru yana bin malaman daji, ma'aikatan da ke tsaron gandun, yana taya su kashe gobara, yana cire tarkunan waya da ɓarayin nama ke ɗanawa. Maharba suka yi ta masa dariya, suka sa masa suna ɗan aiken hukuma. Bai kula ba. Sai ga shi barewa da ta ƙaurace ta fara dawowa, kuma da aka zo ba da lasisi a shekarar, shi kaɗai aka amince wa a duk ƙauyen, aka ce yana iya shiga da mataimaka. Ranar da Jatau ya ji kalmar nan ta mataimaka, tuwo bai wuce masa ba. Shi da ya fi kowa sanin daji, shi ne zai shiga a matsayin ɗan rakiya!

Da hadari ya fara leƙowa ta gabas, jikin Ɓaidu ya ƙara tsanani, sai ya aika aka kira su. Ya ce, "'Ya'yana, na ji ƙanshin ruwa, kuma na ji jikina. Ku kawo mini fata tun ina iya ɗaga hannu. Wanda ya farauto, shi zan zaunar." Suka ce, "To, Baba." Suka fito kowa yana duban ƙasa, domin kowa ya san shi kaɗai ba zai iya ba, kuma babu wanda ke son ya fara faɗin haka.

Da safe suka shiga daji, Jatau a gaba. Ya bi sawu ta fako inda babu abin da ido ke gani, ya bi ta kan duwatsu, ya tsaya ya murje kashin barewa da yatsa, ya canza hanya. Sauran biyun suna binsa kamar makafi. Duk takun da ya yi sai ya ji ƙarar jakar Cindo a bayansa, ransa ya ƙara ɓaci, yana cewa, "Ni da wahala, wani da kirari." Rana ta take tsaka kafin ya hango garken a wata fadama, mata da 'yan ƙanana, da namiji ɗaya mai ƙaho a tsakiyarsu. Harbi daga nan ba zai yiwu ba, harbin bindigar toka watsuwa yake yi, sai ya haɗa da mata. Dole a raba namijin da garke. Jatau ya ajiye Cindo a gindin wata kanya, ya tura Arzika bayan suri ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, shi kuma ya ɗaura burtu ya durƙusa.

Ya yi rarrafe a kan ƙaya da tsakuwa mai zafi har gwiwoyinsa suka fashe. Ya shiga garken, ba wadda ta ɗaga kai. A hankali ya raba tsakanin namijin da matan, yana saran ƙasa yana matsawa, namijin yana kiwo yana bin gefensa, har suka yi kusan da yana jin numfashinsa. Nan fa zuciya ta zo masa. A al'adar maharba, nama na wanda ya fara fitar masa da jini ne. Ga baka a ƙarƙashin zane, ga kibiya. In ya saki, jinin farko nasa ne. Amma ya san kibiyar da babu dafi ba za ta kayar da wannan namijin ba, zai gudu da ita ya mutu mushe can cikin ƙungurmi, kowa ya rasa. Wallahi sai da ya ji a ransa gara kowa ya rasa da a ce ya durƙusa yana gaida Cindo. Hannunsa ya kai kan tsirkiyar baka. Sai ya tuna Ɓaidu a kwance yana jiran fata, ya tuna mutanen Hayin Ɗorawa suna kiɗa a ƙofar gidan da ya girma. Ya haɗiye abin da ƙyar, ya saki bakan, ya ci gaba da jan namijin zuwa bakin bindigar abokinsa.

Shi kuwa Cindo, namiji ya shigo masa daidai, kafaɗa a buɗe, harbin da ko sabon shiga ba zai kuskure ba. Sai dai Jatau yana bayan naman, a layi ɗaya. Ta ƙarƙashin zane Jatau ya ga bakin bindiga ya tsaya a kansa, ya daɗe bai motsa ba. Ya san in aka sami mai burtu da harbi, ba wanda zai ce ganganci ne, kowa zai ce tsautsayi. Yatsan Cindo yana kan kunamar bindiga, kuma shi ma ba waliyyi ba ne. Amma ya jira. Ya bar harbi mai sauƙi ya wuce shi, sai da Jatau ya zame cikin wani kwari. Kafin nan iska ta juya, namijin ya ji wari ya zabura. Namijin na gudu ta tsakanin itatuwa, Cindo ya saki wuta, ya same shi a kafaɗa. Ba kowane hannu ke yin wannan ba, kuma ba kowace bindiga ke tashi a lokacin da ake so ba.

Namijin ya yi tangaɗi ya nufi suri, ya faɗi yana shure-shure, rai na shirin fita. Arzika ya yi tsalle ya danne shi, kofato ya tsaga masa hannu, bai saki ba, ya yi bisimilla ya yanka kafin ya zama mushe. Ba su gama ɗaure ƙafafun ba sai ga malaman daji sun ji ƙara sun iso, kuma baƙi ne da aka kawo daga wani yanki, ba su san kowa ba. Nan take suka karɓe bindiga, suka riƙe Cindo da Jatau. Arzika ya ciro lasisi, babbansu ya duba ya ce, "Kai mun gane ka. Waɗannan fa, tare kuke?" Arzika ya dubi naman, ya dubi su biyun. Jatau ya dube shi, ya gane abin da ke cikin kallon nan sarai, don irinsa ya ji ɗazu a fadama. Kalma ɗaya ta isa a tafi da su biyun, shi kuma Arzika ya saɓi naman ya shiga gari shi kaɗai, ga mutanen da suka yi shekaru suna kiransa ɗan aike a ɗaure. Arzika ya share gumi ya ce, "Mutanena ne, ranka ya daɗe. Tare muka shigo." Aka sake su, aka mayar da bindiga.

Suka iso gida hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Aka feɗe, aka shimfiɗa fatar a gaban Ɓaidu, maharba suka cika zaure. Tsohon ya shafa ta da tafinsa ya ce, "Madalla. Wa ya farauto?"

Cindo ya ce, "Baba, ai ga ramin harbi nan ƙarƙashin hannunka. Jinin farko nawa ne, al'ada ta san haka. Jatau da ido aka haife shi, bai sha wahalar komai ba, kullum shi kake yabo. Ni da gumina na tara abin da na tara."

Arzika ya ce, "Baba, barewar da suke faɗa a kai, wa ya tsare ta har ta girma? Da izinin wa aka shiga? Da wuƙar wa ta halatta? Su an koya musu kisa ana yi musu kirari, ni ina kashe gobara ana yi mini dariya. Ko sau ɗaya ba a taɓa kirana maharbi ba a zauren nan."

 Duk tsawon shekarun nan Jatau ya ɗauka shi kaɗai ke kwana da ciwon abin da ke hannun 'yan'uwansa, ashe su ma da nasa suke kwana. Abin bai sanyaya masa rai ba, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Ya yaye wando ya nuna gwiwoyinsa ya ce, "Baba, ni na nemo, ni na raba shi da garke, ni na kai shi bakin bindiga kamar akuyar gida. In farauta harbi ce, a ba Cindo. In takarda ce, a ba Arzika. Amma kai ka koya mana, kai ka san mece ce."

Zaure ya kaure. Masu bin al'ada suka ce jini, matasa suka ce hukuma ba ta san kowa ba sai mai lasisi, tsofaffin maharba suka ce tun kafin a ƙera bindiga ake bin sawu. Wani ya ce a raba fatar uku, aka yi masa ca, ai ba a zaunar da sarki a kan ƙyalle. A koma daji kuma babu hali, don ana cikin haka aka ji ɗigon ruwan fari a kan jinka.

Ɓaidu ya ce a tashe shi zaune. Ya miƙa hannunsa na dama, yana jiran a kama. Su ukun suka matso a tare, kowa ya miƙa nasa, kowa yana hararar na kusa da shi.

To, jama'a, ga fata ɗaya, ga hannu ɗaya, ga tsoho numfashi na ja masa baya. Kowannensu ya yi abin da in babu shi babu barewa, kowannensu ya sami damar kayar da 'yan'uwansa ya danne zuciyarsa. Tsakanin mai ido da mai bindiga da mai lasisi, ku gaya mini, wane ne ya yi farautar nan, hannun wa ya kamata Ɓaidu ya kama?