Sa Hannun Yaya

An yi wani mutum, mai rubuta manhaja, da ya shiga mota da rana tsaka. Abin da ya ɗauka: kwamfuta, waya biyu, riga ɗaya, da ƙaryar da ya haddace. Gidan ƙanwarsa ya nufa.

Ya 'yan uwa, masu wannan sana'a ba sa gini daga tushe. Kowa na ɗauko ƙunshin manhajar da wani ya rubuta ya saki kyauta, ya ɗora nasa a kai. Amana ce tsagwaronta.

Shekara shida mutumin nan yana kula da wani ƙunshi mai tsara kwanan wata. Dubbai na amfani da shi, ba mai ce masa sannu. Sai wasu da bai taɓa ganin fuskarsu ba suka yi masa tayin kuɗi: layi tara zai ƙara a rubutun ƙunshin, masu kwashe lambobin sirrin duk wanda ya sauke. Ya ce a ransa ai manyan kamfanoni ne za su ji a jikinsu. Ya ƙara, ya sa hannu, ya saki.

Ƙanwarsa ce ke kula da kwamfutocin wani asibiti. Shi ya koya mata aikin, shi ya ce kada ta sauke sabon abu sai ta karanta. Ranar da ta sauke ƙunshin nasa ba ta karanta ba, don ta ga sa hannun Yaya. Kwana uku tsakani mutanen nan suka kulle bayanan majinyata, aka ɗage tiyata goma sha ɗaya, aka dakatar da ita.

Da ya isa gidanta, ta buɗe masa ƙofa rabi.

"Auta, ki ce wa masu bincike sace min mabuɗin sa hannu aka yi. Ke za su yarda da ke."

"An sace ɗin?"

Ya zuba wa silifas ɗinta ido.

"Na karanta layukan, Yaya. Na san rubutunka kamar yadda na san tarinka."

"Ki tuna Inna mana."

"Na tuna ta. Ita ma katinta na asibitin. Gobe zan zauna gaban masu bincike, kuma abin da na gani zan faɗa, har da nawa sakacin."

Ta rufe ƙofa. Ya ji ƙarar sakata.

Ta faɗa. Aka goge sunansa daga aikin shekara shida, kotu ta karɓi sauran.

Za a ce me ya haɗa wa'azi da kwamfuta? To a ce. Duk inda aka ba da amana, nan za mu tsaya mu yi magana. Wanda ya cusa mugun abu a kayan jama'a, shi ke zaɓen gidan da zai shiga? Kai kuma mai saukewa, karanta, ko da na ɗan ɗakinku ne.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da sakacin da ke buɗe masa ƙofa. Amin.