Kwatar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A bayan ganuwa akwai unguwar ƙananan dabbobi, kwatarsu ta toshe shekara uku. Duk damina sai ruwa ya ci gidaje, wasu su yi ƙaura. Kura kuwa tana jira su watse ta haɗiye filin.

Kullum ana cewa a kira gayya, amma gayya sai da mai ita, wanda zai dama wa ma'aikata kunu. Kwata kuwa ba ta kowa ba ce.

Ran nan tsohuwa Bushiya ta fito ta ce, "Jama'a, kwatar nan tawa ce. Ina gayyatar ku jibi."

Kwaɗo sarkin surutu ya ce, "Iya, yaushe kika gaji wannan wari?"

Ta ce, "Yau. Kai dai ka zo da shebur."

Ta dama kunu da ragowar geronta. Wa zai ƙi gayyar tsohuwa? Ɓera ya yi haƙa, Tururuwa ta kwashe shara, Kunkuru ya yi ta jidar laka. Kafin la'asar ruwa ya samu hanya. Da damina ta sauka, waɗanda suka tashi suka fara dawowa.

Sai ga Kura tana muzurai: "Ina mai kwatar nan? Ta fito mu gana!"

Kwaɗo ya ce, "Tawa ce."

Ɓera ya ce, "Tawa ce."

Unguwa duka ta ɗauka. Kura ta rasa wanda za ta tsorata, ta juya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In ƙarya na yi, ku tambayi Kwaɗo.