Sunan Ɗan Shekarau Direba

Ku matso ku raba mini wannan gardama. Shekarau, direban jirgin ƙasa, ya samu ɗa namiji bayan ya gama cire rai. Gobe suna, an kawo rago, amma ya rasa sunan da zai raɗa. Ya yi alkawarin mayar da sunan wanda ya ceci ransa a gadar Kwarin Tsamiya, ga shi kuwa mutum uku ne.

Na farko Dakta Mudassir, mai binciken ambaliya. Shi ya gano cewa ruwan sama ya sauya hali, yanzu na wata guda yakan zuba a yini ɗaya, tsoffin gadoji kuma ba don haka aka gina su ba. Ya yi ta naci har aka kafa dokar rage gudu a wurin duk damina. Shekarau ya fi kowa tsinuwa. "Mutumin da bai taɓa ja ko amalanke ba zai koya mini tuƙi?"

Na biyu Barau, mai duba layin dogo. Ranar da aka yi ruwan, ƙarfen yana nan miƙe sambal, amma ya ga ruwan da ke fita ƙarƙashin gadar ya koma ja. Ƙasar da ke riƙe da layin ce take tafiya. Kwari ya cika ya raba shi da ɓangaren da jirgi zai ɓullo, wayarsa ta sha ruwa. Ya tsaya yana ihu har muryarsa ta dishe.

Na uku Nomau, wani manomi a tsallake, wanda bai san komai game da jirgi ba sai abu ɗaya: direba ba ya tsayawa don ɗaga hannu, sai ya ga ja. Da ya jiyo ihun Barau, ya cire jar hular dararsa ya soka a gora, ya bi layi da gudu cikin taɓo.

Shekarau ya hango ja, ya danne birki. Jirgin ya tsaya dab da gadar, fasinjoji na salati, gadar kuwa ta rufta a gaban idonsa. Da a ce gudun da ya saba yake yi, birki ba zai kama ba.

Liman ya aiko yana tambaya, mai jego ta ce ita dai ba za a kira ɗanta jariri har ya yi gemu ba.

To jama'a, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?