Jif ɗin da Dashnyam Ya Hana Taka Ƙasa

Dashnyam mutum ne mai ƙwazo, ba mashayi ba ne, kuma a iya sanina bai taɓa ɗaga wa matarsa murya ba. Aibinsa guda ɗaya ne: idon mutane ya fi komai nauyi a wurinsa. Ko takalmi zai saya, sai ya fara tunanin wanda zai gan shi da shi. Na san shi sosai, domin ƙofofinmu na kallon juna a wani tsohon bene da ke yammacin birnin Ulaanbaatar, kuma mahaifinsa, Baba Gombo, abokin kartata ne.

Baba Gombo makiyayi ne a da, can karkarar Arkhangai. Wani mugun hunturu ya cinye masa dabbobi, matarsa ta rasu ba da jimawa ba, sai ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi birni. Tsohon bai taɓa sabawa da zaman bene ba. Yini yake yi a bakin taga da kofin shayinsa mai madara da gishiri, yana kallon hayaƙin gari. Burinsa bai wuce na kowane tsoho a cikinmu ba: kafin ya mutu ya koma kwarin Shar Bulag inda ya faɗo duniya, ya yi birgima a ƙasar, ya sha ruwan marmaron wurin.

A lokacin Dashnyam yana da wata ƙaramar tsohuwar jif koriya, wadda da igiya ake ɗaure ƙofar bayanta. Da damina ta sauka ciyawa ta fito, kowane ƙarshen mako sai su loda tanti da tukunya, shi da matarsa Yanjin da tsohon, su nufi bakin kogin Tuul. Su dawo fuska duk ƙura, suna ta dariyar inda motar ta maƙale da wanda ya tura. Shar Bulag ne dai ya yi mata nisa, ba wanda ya yarda za ta kai.

Sai aka ƙara wa Dashnyam girma a kamfanin da yake aiki, na sayar da kayan haƙar ma'adinai. Aka ba shi wurin ajiye mota a layin manya. Ranar da ya fara ajiye koriyar tasa a tsakanin manyan jif-jif masu sheƙi, shugabansu Enkhtur ya tsaya yana kallonta, sannan ya kira shi da taƙaitaccen sunansa.

"Dashka, wannan gwangwanin naka ne, ko maigadi ne ya manta shi a nan?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, amma maganar ta biyo shi har gida. Ba a daɗe ba ya sayar da koriyar, ya lallaɓa Yanjin har ta yarda suka sayar da ɗan gidan katakon da iyayenta suka bar mata a bayan gari. Wata ranar Asabar ya shigo unguwa da wata baƙar jif mai tayoyi kamar na tarakta, da jerin fitilu a samanta, da bututu a gefe don tsallaka kogi, da sabon shebur ɗaure a jikinta.

Duk bene aka sauko kallo. Na ce masa, "Dashka, wannan duk ta mece ce?"

"Ta jin daɗi, Kawu Sodnom. Ni ba ruwana da burga. Wannan ba dutse ba kogi, duk inda ka nuna mata za ta shiga." Ya juya wurin mahaifinsa. "Baba, da ita zan kai ka Shar Bulag."

Tsohon ya shafa jikin motar kamar yadda ake shafa wuyan doki, idonsa ya kawo ruwa.

Tun daga ranar Dashnyam bai sake hutawa ba. Motar ta fi ƙarfin ɗan filin da ke gaban benenmu, ga yara na buga ƙwallo, don haka ya kama hayar gareji a can wata unguwa. Kullum da safe sai ya taka da ƙafa cikin sanyi ya ɗauko ta, sannan ya shiga cunkoso, ya yi ta rarrafe zuwa ofis, tafiyar da mai ƙafa zai riga shi isa. Da yamma ya biya wurin wankin mota. In tsuntsu ya yi mata kashi, ranar ba mai jin daɗinsa a gida.

Ya shiga ƙungiyar masu manyan jif, wadda Enkhtur ke shugabanta, ya manna tambarinsu a gilashin baya. Aikinsu shi ne duk ƙarshen mako su bi kwalta zuwa wani tudu a bakin gari, su jera motocin, su ɗauki hotuna, su gasa nama, kowa yana satar kallon tayoyin ɗan'uwansa. In wani ya sa sababbin fitilu, kafin mako ya zagayo sai kowa ya sa. Dashnyam ya kan dawo daga wannan yawon shaƙatawa a gajiye tilis, ya zube a kujera bai ko cire takalmi ba.

Wata rana ina gidan muna karta da tsohon, na ji Yanjin daga kicin tana cewa, "Yaushe rabonmu da bakin kogi?"

"Hanyar ta lalace, duk duwatsu ne," in ji Dashnyam.

"Au, ba don lalatacciyar hanya aka ƙera motar ba?"

"Ke ba ki san abin da fenti yake ci ba."

"Na dai san ya ci gidan iyayena," in ji ta, ta ci gaba da yankan albasa.

Damina ta zo, tsohon ya tuna masa da alkawari. Ya ce mota sabuwa ce, sai injin ya saki jiki. Da wata daminar ta zagayo, ya ce ya ji labarin rassan itatuwa sun rufe hanyar kwarin, a bari ya sa wa motar ledar kare fenti tukuna. Baba Gombo ba mai naci ba ne. Ya kan ce "To," ya koma bakin tagarsa.

Daminar da ta biyo baya Yanjin ta tsaya kai da fata, har aka sa rana. Ta soya fanke cike da jaka, ta nemo busasshen nama, ta wanke babbar rigar tsohon mai ruwan shuɗi. Da safiyar tafiyar na leƙa in yi musu sallama, na tarar da Baba Gombo zaune a bakin gado ya ci ɗamara, ya sa dogayen takalmansa na fata da ya daɗe bai fito da su ba. Sai wayar Dashnyam ta yi ƙara. Enkhtur ne. 'Yarsa za ta yi aure a ƙarshen makon, yana son baƙaƙen jif zalla a jerin gwanon amarya, ɗaya daga cikin motocin kuma ta samu matsala.

Na ji Dashnyam yana cewa, "Haba ranka ya daɗe, ai ba sai ka roƙa ba." Ya kashe wayar, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, ka ji yadda aka yi. Duk manyan gari za su zo. In na ƙi, ban san da wane ido zai dube ni ba. Mako mai zuwa, ko na sama."

Yanjin ta ce, "Dashka, dubi mahaifinka."

Bai duba ba. Tsohon ya sunkuya yana cire takalman, ɗaya bayan ɗaya, ya tura su ƙarƙashin gado. Sannan ya ɗago ya ce mini, "Sodnom, ina kartar?"

Mako mai zuwa aka yi ruwa, na sama aiki ya taso. Daga nan tsohon bai sake ambaton Shar Bulag ba.

Da kaka ta shigo Baba Gombo ya fara rama, hawa bene ya gagare shi sai da hutu. Aka kai shi asibiti. Likita ya ja Dashnyam gefe ya gaya masa ciwon ya yi nisa, a mayar da tsoho gida a ba shi abin da yake so. Dashnyam ya fito idonsa jajur, ya ce gobe za a tafi Shar Bulag.

Tsohon ya ce in biyo su, na bi. A kan kwalta tafiyar ta yi daɗi. Baba Gombo yana gaba an jingina masa matasai, yana nuna garken tumaki yana faɗin wanne ya ƙoshi wanne maigidansa malalaci ne. Muka kwana a garin Tsetserleg. Da safe muka sauka daga kwalta.

A bakin rafin farko Dashnyam ya tsaya yana laluben maɓallan da ke gabansa, bai san wanda zai danna ba, don tun da ya sayi motar bai taɓa buƙatarsu ba. Da ƙyar ya gano. Motar kuwa ta yi abin da aka ce za ta yi. Ta ratsa ruwan kamar ba ruwa ba, ta haye duwatsu, rassa suna kartar jikinta da ƙara mai ta da tsikar jiki, shi ko juyawa bai yi ba.

Amma kowane rami muka faɗa sai na ga tsohon ya runtse ido. Ya daina magana. Can ya ce a tsaya, ya yi amai a gefen hanya. Yanjin ta goge masa baki, muka ci gaba a hankali. Ba mu yi nisa ba aka sake tsayawa. Fuskarsa ta koma kamar toka, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi. Haka muka yi ta tafiya muna tsayawa har rana ta take, muka hau kan wani tudu mai tarin duwatsu a samansa. Daga nan ana hango wani dogon dutse can nesa, shuɗi-shuɗi.

"Tsaya nan," in ji Baba Gombo.

Dashnyam ya tsaya. "Baba, shi ne wancan?"

"Shi ne. Kwarin yana bayansa."

"To ai mun kusa. Ka daure kaɗan, zan tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Kafin mu kai rana ta faɗi, kuma hanyar gaba ta fi ta baya muni. Na san ta." Ya numfasa. "Motarka za ta iya, ɗana. Ni ne ba zan iya ba."

"Zan goya ka."

"Ka goya ni zuwa ina? Buɗe mini ƙofa kawai."

Muka buɗe, muka juyo da shi ya sako ƙafafunsa waje. Motar ta yi tsawo, ƙafafun ba su kai ƙasa ba, kuma ba shi da ƙarfin sauka. Ya zauna a haka yana kallon dutsen, iska na kaɗa gemunsa. Ya nemi shayi, Yanjin ta zuba masa. Ya tsoma yatsa ya yayyafa wajen dutsen kamar yadda al'adarmu take, ya kurɓi kaɗan, ya miƙa mata kofin.

Dashnyam ya durƙusa a gabansa ya kifa kai a gwiwarsa. "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya dafa kansa. "Tashi, ƙasa da sanyi. Mu koma, na gaji."

Muka juya. Muka hau kwalta muka dawo gida. Baba Gombo ya rasu a gadonsa na bene kafin bikin sabuwar shekara.

Da damina ta sake zagayowa Dashnyam ya ɗauki hutu ya tafi shi kaɗai, bai gaya wa 'yan ƙungiya ba. Da ya dawo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, fuskarsa ta yi baƙi da rana, ya zauna a kujerar da mahaifinsa ya saba zama.

"Na kai, Kawu," ya ce. "Kwari ne babba. Marmaro ba ɗaya ba ne, suna da yawa, kowane lungu da nasa. Mutanen da ke zaune can yanzu baƙi ne, ba wanda ya san danginmu. Na yi ta zagaye daga wannan zuwa wancan." Ya dube ni. "Duk zaman da kuka yi, bai taɓa gaya maka wanne ne nasa ba?"

Na ce, "Na taɓa tambayarsa. Cewa ya yi in mun je zai nuna mana."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙe, ya ce bari ya je ya kai motar gareji kafin a rufe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da mutum ya mallaka don idon jama'a, shi ne zai koma yi wa abin bauta. Ba laifi ba ne mutum ya sayi mota mai ƙarfi, ko wani abin da ransa ke so. Amma ya tambayi kansa tsakani da gaskiya: don amfani da jin daɗin kaina da iyalina na saya, ko don a gan ni? Masu kallo ba sa ƙoshi, kuma ba sa taya ka nadama. Wanda yake da alkawari a wuyansa ga iyayensa, kuma yake da halin cikawa yau, kada ya ɗaga zuwa baɗi don gudun ɓacin ran wani babba ko don tsoron ƙarzanar fenti. Fenti ana sake shi, amma ƙarfin tsoho in ya tafi ba ya dawowa.