Sarkin Magina da Kududdufan Birnin Gwarje

An yi wani sarki a birnin Gwarje, Hamza ɗan Jatau, wanda ya hau gado da ƙuruciya da ɗokin gyara. Wazirinsa Zubairu masani ne, ya yi karatu a ƙasashe masu nisa, ya komo da takardu cike da zane-zane, da kuma raini ga duk abin da ya girme shi. Shi ya ba Sarki shawara a cike kududdufan birni arba'in, wato ramukan da kakanni suka ɗebi ƙasar gini, tun da ba abin da suke haifarwa sai sauro da wari, a shimfiɗa miƙaƙƙun tituna a kansu kafin damina.

Fadawa, ka san halinsu, suka yi ta gaskatawa. Sai Barmo, Sarkin Magina, dattijo mai kaushin hannu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a dakata. Waziri ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira shi uban 'yan mazan jiya, sunan da ya bi masu ra'ayinsa har yau. Sarki ya murtuke fuska, ya ce ko Barmo ya kawo hujja, ko a tuɓe masa rawani a fitar da shi daga gari.

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wari kam akwai shi, kuma ni ba maƙiyin gyara ba ne. Amma shekara ɗari uku ruwan sama yana sauka a garin nan yana samun masauki, ban kuwa ga masaukinsa a zanen Waziri ba. A gwada a unguwa guda, damina guda. In ba katangar da ta faɗi, na yarda da hukuncinka."

Waziri, don tsabar yarda da kai, ya ce a fara da unguwarsa. Sarki ya amince, aka cike kududdufan unguwar.

Da marka ta sauka kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ruwa ya nemi ramukansa ya rasa, sai ya afka cikin gidaje. Zauren Waziri ne ya fara zubewa, gidajen talakawa goma sha biyu suka bi baya, mata na ta salati da kaya a ka. Barmo, maimakon ya tsaya dariya, ya fito da magina ɗari da diga da shebur, ruwa har gwiwa, suka tone kududdufan unguwar, ruwa ya juya ya bi su. Ko rai guda ba a rasa ba. Wallahi ranar na so dattijon nan!

Sarki ya gina wa talakawan gidajensu, ya yafa wa Barmo alkyabba, ya ba shi mazauni a majalisa, ya kuma kafa doka cewa ba za a kau da abin da aka gada ba sai an binciki aikinsa, an jarraba a ƙaramin wuri. Barmo da kansa ya cike ramuka bakwai da bincike ya nuna ba su tare komai.

Adalci shi ne mai mulki ya riƙe gari amana, kada ya rushe abin da bai san aikinsa ba, domin talaka ne ke kwana a ƙarƙashin kuskurensa.