Ɗan Zoben da Ya Tsayar da Motar Maganin Tari

Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji a wani kamfanin haɗa maganin tarin yara. Sannu-Sannu ake ce mata, don ba mai iya sa ta gaggawa.

Ita ke gwada kowane sabon haɗi kafin ya fita kasuwa. Na'urarta tana da wani siririn bututu mai rarrabe sinadaran da ke cikin magani. A bakinsa akwai ɗan zobe da ake kira ferul, bai kai ƙwayar wake ba, shi ke hana yoyo.

Ran nan zoben ya tsage. Ta zazzage akwatin kayan gyara, duk waɗanda suka rage raminsu ya yi wa bututun faɗi. Ga mota a bakin ƙofa, an gama lodin maganin.

Manaja ya shigo yana huci. "Malama, me ake jira?"

"Yallaɓai, na aika a kawo zoben da ya yi daidai."

"Ba ga su nan ba? Sa ɗaya ki ɗaure tamau."

"Zai yi yoyo. In akwai wani mugun abu ɗan kaɗan a maganin, sai ya sulale ban gani ba. In na matsa kuma, bututun ya karye."

"To sa hannu a takardar amincewa kawai. Yau muka fara haɗa maganin nan?"

"Ba zan sa hannu a abin da ban gani ba."

Ya ƙura mata ido. "In motar nan ta kwana, gobe ki yi zamanki a gida."

Ita ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta. Amma ba ta ɗauki biro ba.

Sai da yamma zoben ya iso. Ta ɗaura shi a hankali, ta tabbatar babu yoyo, ta zuba samfur. Layin da ke kan allon na'urar ya yi tsalle a inda bai kamata ba. Ta sake gwadawa, haka dai. Sinadari ne mai lalata ƙodar yara, ya biyo sabon kayan haɗi.

Manaja ya ga sakamakon. Ya lalubo waya ya kira matarsa.

"Kwalbar da na kawo jiya daga sabon haɗi, kin ba auta?"

Ya saurari amsarta.

"Ba ki buɗe ba? Alhamdulillahi. Kada ki taɓa ta."

Ya zube a kujera. Da ƙyar ya ce, "Malama, ki yafe mini. A sauke kayan."

Darasi: Kada matsin lamba ya sa ka ce "ai wannan ma zai yi" a aikin da rayukan mutane ke rataye da shi. Ka tura wa duk wanda ka san an danƙa masa amana.